Shekarar da Na Ƙirga Girgizar Kan Ɓeraye Sau Biyu

Hafsa, Umar, da ke Sadiya auta, akwai maganar da kuka taso kuna ji a bakin danginmu na Zariya, wai mahaifiyarku ce ta kori Inna, kakarku, daga gidanmu na Nyanya. Na sha jin ana faɗa a gidan biki da gidan suna, a gabana, in sunkuyar da kai ban ce uffan ba. Ita ma mahaifiyarku ba ta taɓa kare kanta ba. Yanzu da na ajiye aiki, idanuna kuma suka fara gajiya da karatu, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iyawa. Ba ita ba ce. Ni ne, kuma maganar ba a gida ta faro ba, a ɗakin ɓeraye ta faro.

A lokacin ina aiki a wata cibiyar binciken magunguna da ke Idu, can bayan masana'antu, kusa da layin dogo. Kun san ni ba dakta ba ne, mai kula da dabbobin gwaji ne. Ina idar da sallar asuba nake fita, don in riga cunkoson Nyanya, in ba haka ba sai hantsi ya same ni a cikin bas. Fararen ɓeraye ne a hannuna, keji-keji. Ni ke canza musu garin katako, in zuba abinci da ruwa, in auna nauyinsu, in yi musu allura idan an umarce ni. Warinsu kan kama tufafi, har ke Hafsa ba kya yarda in ɗauke ki sai na canza riga. 'Yan unguwa kuwa Oga mai ɓera suke kirana, ban taɓa jin haushi ba.

A shekarar nan aka haɗa ni da Dakta Saratu, wata gajeriyar mace 'yar kudancin Kaduna, wadda Hausarta ta fi tawa tsabta. Ba ta sa mutum aiki sai ta fahimtar da shi dalilinsa. Ranar farko ta zaunar da ni gaban wani tulun gilashi da ɓera ɗaya a ciki.

"Malam Isiyaku," ta ce, "a ƙwaƙwalwar mutum da ta ɓera akwai wani sinadari da ake kira sirotonin. Shi ke kai saƙo daga wannan jijiya zuwa waccan. Amma ba ya shiga sai ta ƙofofinsa, kuma ƙofofin iri-iri ne. Akwai ɗaya da muke kira biyu-A. Ƙwayoyin nan masu sa mutum ya ga abin da babu, yawancinsu wannan ƙofar suke dannawa, fiye da ƙima."

"To Dakta, ɓeran zai faɗa mana abin da ya gani ne?"

"Ba zai faɗa ba. Ba mu ma san ko yana ganin wani abu ba. Amma idan aka taɓa masa wannan ƙofa yakan girgiza kai, farat ɗaya, kamar kare ya fito daga ruwa, sai dai kan ne kaɗai ke motsi. Idan ka riga ka ba shi maganin da ke toshe ƙofar, girgizar sai ta ragu. Aikinka ka ƙirga."

Da sauƙin faɗa. Girgizar nan ta fi ƙiftawar ido sauri, kuma ɓera dabba ce mai yawan susar kunne da wanke fuska, sai mutum ya rikita wannan da wancan. Mako uku muka yi muna ƙirgawa tare, ita da nata ɗan abin latsawa a hannu, ni da nawa, har lissafinmu ya riƙa zuwa ɗaya. Daga nan ta sakar mini aikin. Ƙwayar da ake yi wa ɓerayen allura da ita a akwatin ƙarfe take, da izinin hukuma, ita kaɗai ke riƙe mabuɗin. Abin da take nema shi ne wata saiwa da wani tsohon Bagware, Baba Ɗanladi, ke bai wa masu taɓin hankali a Tungan Maje. Za a ba wasu ɓeraye ruwan saiwar, wasu a ba su ruwa zalla, sannan duka a yi musu allurar ƙwayar. In masu saiwa sun fi ƙarancin girgiza, to alama ce saiwar tana toshe wannan ƙofa, kuma ta cancanci a ci gaba da bincikenta. Ni ke shafa musu alama a wutsiya: shuɗi ga masu saiwa, ja ga masu ruwa.

Abin da Dakta ba ta sani ba shi ne halin da gidana ke ciki. Gwaggonku Rakiya, ƙanwata, ba yadda kuka san ta yanzu take ba a lokacin. Tun bayan rasuwar mijinta ta fara jin muryoyi suna kiranta, suna zaginta. Na ɗauko ta daga Zariya na kai ta asibiti, Inna ta biyo mu don ta kula da ita. Maganin asibiti ya kwantar da muryoyin, amma ya mai da Rakiya kamar an ɗaure ta. Hannunta na rawa, harshenta ya yi nauyi, ta wuni a kan tabarma tana kallon ƙofa. Matar da ke yi wa rabin unguwarmu ɗinki ta kasa zura zare a allura. Kullum Inna ta miƙa mata ƙwayar sai ta juya baya ta share ido da bakin zane.

"Wannan ba magani ba ne," Inna kan ce. "Kashe mini ita suke yi a tsaye."

Da wannan a zuciyata nake zama gaban tulun gilashi kullum, rabin awa ga kowane ɓera. Wata biyu ina ƙirgawa, kuma lissafin ya fito da kyau ƙwarai: masu shuɗin wutsiya ba sa girgiza ko rabin na masu ja. Dakta ta yi murna, ta rubuta rahoto ta aika wa wata mujallar masana, shugaban sashenmu kuma ya sa sunana cikin waɗanda za a tura kwas na ƙarin girma. Ni kuwa na kasa riƙe bakina. Wata ranar Juma'a muna cin tuwo na ba da labarin a gida, har da ƙari. Inna ta ajiye lomar da ke hannunta.

"Isiyaku, da idonka ka gani?"

"Da idona, Inna. Ni na ƙirga."

"To me muke jira?"

Na ce mata ɓera daban, mutum daban, aiki bai kai nan ba tukuna. Amma na faɗa da sanyin murya, kuma ranar Asabar ni na kwatanta mata gidan Baba Ɗanladi. Ta je ta dawo da ƙullin saiwa. Cikin mako guda ta daina ba Rakiya maganin asibiti. Na sani, na yi shiru. Mahaifiyarku kaɗai ta yi magana, ta same ni ina wanke ƙafa a tsakar gida ta ce, "Malam, likita ya ce kada a tsayar da maganin nan sai da saninsa." Na ce mata ta bar maganar manya. Kuma makonni ukun farko sai ka ce ni ke da gaskiya. Rawar hannun Rakiya ta tafi, ta fara dariya, har ta yanka wa Umar wando.

Ana haka Dakta ta samo kyamara, don tana so ta nuna aikin a wani taro. Ta kafa ta saman tulun, ta ce in ci gaba da ƙirgata yadda na saba. Bayan kwana biyar, da la'asar, ta tafi wani zama ta bar ni in zaɓo mata wuraren da girgizar ta fito sosai. Na zauna gaban kwamfuta, na rage gudun hoton yadda ta koya mini. Na fara da wani mai shuɗin wutsiya wanda na rubuta masa girgiza kaɗan. A hankali hoton ke tafiya, sai ga kai ya juya, ya dawo. Sai ga wata. Sai ga wata kuma. Na ɗauko takardata na duba, na sake maido hoton baya. Abin da na gani ya ninka abin da na rubuta. Na duba na biyu, haka. Na koma kan masu jan wutsiya, sai na tarar da akasin haka: wurare da dama ɓeran susar kunne kawai yake yi, ni kuwa na latsa. Ban taɓa zama na yi niyyar ƙarya ba, Allah shi ne shaida. Amma idan mai shuɗi ya girgiza, zuciyata sai ta ce susa ce, idan mai ja ya yi susa ta ce girgiza ce, yatsana kuma ya bi ta. Na kashe kwamfutar, na je na canza wa ɓeraye ruwan da ban daɗe da canzawa ba.

Kwana uku na yi da abin a cikina. Babu wanda zai gano. Dakta ba ta da lokacin kallon hoton awa talatin, wurare uku kawai ta nema, kuma zan iya zaɓo mata masu kyau. A rana ta uku da safe, ina ɗaura takalmi, mahaifiyarku ta tsaya a kaina da kofin koko. Ta ga ban ci abincin kirki ba tun shekaranjiya. Na faɗa mata duka. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Sai ta ce:

"In ka bari aka buga, wasu ma za su karanta su daina shan maganinsu. Ba Rakiya kaɗai ke da uwa ba."

Na sami Dakta a ofis kafin ta cire jakarta. Na ajiye takarduna biyu a gabanta, tsohuwar ƙirga da sabuwa, na ba ta labarin Rakiya da ban taɓa ba ta ba. Ta daɗe tana kallon takardun. Ina tsaye ina jiran ta ce in tattara kayana.

"Ka san abin da wannan ke nufi?" ta ce. "Sai na janye rahoton. Sai na je gaban oga na ce aikin wata biyu ya rushe."

"Na sani, Dakta."

"Laifin ba naka kaɗai ba ne. Bai kamata mai ƙirga ya san wane ɓera ne ya sha me ba. Na san haka, na yi sakaci don ba mu da isassun ma'aikata." Ta cire tabarau ta murza ido. "Amma ƙanwarka fa? Yau kwana nawa ba ta sha magani ba?"

"Ya kusa wata da rabi."

"To bar ɓeraye. Tafi gida."

Kafin in fita na roƙe ta abu ɗaya, cewa idan za a sake aikin a bar ni in ƙirga. Ta ce shugaban sashe ba zai so ba. Na ce idon da ya ɓata shi ya kamata ya gyara, in ta ga dama ta sa wani ya riƙa bin bayana. Ta ce za ta duba.

Na iso gida da azahar, abin da ban saba ba. Inna na tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta, na ce mata ƙirgar da na yi kuskure ce, babu abin da muka sani game da saiwar nan, kuma gobe zan mai da Rakiya asibiti. Ta ci gaba da tsintarta kamar ba ta ji ba.

"Kai ka ce da idonka ka gani."

"Na faɗa, Inna. Idona ne ya yaudare ni."

"Ranar nan ido ya gani, yau ido ya yi ƙarya. Gobe kuma fa? Ni abin da nawa idon ya gani shi ne 'yata ta tashi ta riƙe almakashi. Ba za ka mai da mini ita gunki ba."

Na shiga wurin Rakiya. Tana zaune gefen katifa, ta toshe kunne ɗaya da ɗankwali. Sai a lokacin na lura da yadda idanunta suka faɗa. Na tambaye ta ko tana samun barci. Ta kalli ƙofa, ta rage murya.

"Yaya, sun dawo tun makon jiya. Ban faɗa ba ne don kada in kunyata aikinka."

Ban taɓa jin nauyin magana irin wannan ba, har yau. Na riƙe hannunta na ce aikin ya riga ya kunyata kansa, ita ba ta da laifi. Washegari na kai ta asibiti, Inna na tsaye a tsakar gida tana cewa in na fita da ita ba da yawunta ba. Shekarata arba'in da 'yan kai, ban taɓa tsallake maganar Inna ba sai ranar. Na wuce ta. A asibiti na faɗa wa likita komai ban rage ba, har da rawar hannu da nauyin harshe, abin da a baya kunya da ganin girman likita suka hana mu faɗa. Ya yi mini faɗa sosai, sannan ya canza mata wani maganin.

Inna ba ta iya ɗora wa ɗanta laifi ba, sai ta nemi inda za ta ajiye shi. Ta ce ai tun farko Binta, mahaifiyarku, ce ba ta son saiwar, ita ta juya mini kai. Na tashi zan yi magana, mahaifiyarku ta kama gefen rigata ta ja ni ɗaki.

"Ka bar shi a kaina," ta ce. "Fushinta da ni ba zai hana ni komai ba. Kai kuwa in ta yi maka baki, ina za mu sa kanmu?"

Na yarda, kuma yardar nan ita ce abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin, fiye da ƙirgar. Bayan kwana goma Inna ta haɗa kaya ta ce Zariya za ta koma, kuma da 'yarta za ta tafi. Na raka su tashar Nyanya ina ɗauke da jaka, ina ta roƙo ba ta kula ni ba. Suka shiga mota, suka zauna a baya. 'Yan kamasho na ta kiran saura mutum biyu. Ina tsaye jikin taga sai na ga Rakiya ta sunkuya ta yi wa Inna magana, ta buɗe ƙofa ta sauko da ledar maganinta a hannu.

"Inna, ki yafe mini," ta ce. "Ranar Talata likita ya ce in koma. Ina so in koma."

Inna ba ta juyo ba. Motar ta cika ta tashi, mu biyu muka tako gida a ƙasa.

A wurin aiki an janye rahoton, an cire sunana daga kwas, kuma ban sake samun wannan damar ba sai bayan shekara shida. Wannan shi ya sa muka daɗe a ɗaki biyu a Nyanya lokacin da abokan aikina suka koma cikin gari. Shugaban sashe ya so a mai da ni wankin keji kawai, Dakta Saratu ta tsaya ta ce ba ta da mai ƙirgar da ta yarda da shi yanzu kamar ni. Muka sake aikin daga tushe. Ita ke ba ɓerayen abin da za su sha a wani ɗaki, ta sa musu lamba, ta rufe takardar lambobin a ambulan ta kulle. Ni ban san komai ba sai lamba. Kowane ɓera in ƙirga shi da ido, in sake ƙirga shi a hoto, ita ma ta ɗebi wasu ta ƙirga ba tare da ta ga nawa ba. Wata bakwai muka yi. Sau biyu ɗaukewar wuta ta lalata mana hoton yini guda, muka sake. Akwai ranakun da idona ke ruwa, layukan takarda na haɗewa, in fita in wanke fuska in dawo. Wasu abokan aiki in na wuce sai su girgiza kai irin na ɓera su yi dariya. Na ƙudura a raina ko shekara biyu za a yi, sai na ga ƙarshensa.

Ranar da aka buɗe ambulan, ni da ita ne kawai. Bambancin da ke tsakanin masu saiwa da masu ruwa bai taka kara ya karya ba. Sai waɗanda aka ba da yawa sosai, su kuma ba girgiza kaɗai suka rage ba, komai suka rage, suka kwanta suna gyangyaɗi. Dakta ta ce wannan bai nuna saiwar ba ta da amfani ba, ya dai nuna ba ta wannan ƙofa take bi ba, kuma haka za ta rubuta. Ta ƙara da cewa sabon maganin da aka ba Rakiya, cikin ayyukansa har da toshe ƙofar nan ta biyu-A da muka shekara muna gadi. Na ce mata ina so in kai wa Baba Ɗanladi labari da kaina, tun da saiwarsa ce. Na same shi a Tungan Maje yana shanya ganye a kan buhu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushi, ya amsa da Hausarsa ta Gwari.

"Ni ban ce yana warkewa ba. Na ce yana sa barci. Mutum bai yi barci kwana biyar, ka ba shi, ya huta, sannan ka kai shi wurin likita. Na gaya wa tsohuwa haka. Shi bai ji."

Rakiya ta ɗauki kusan shekara kafin ta koma kan keken ɗinki, kuma ba ta taɓa rabuwa da magani ba, har gobe. Inna kuwa ba ta sake taka Abuja ba. Kowane ƙarshen wata nakan hau mota in je Zariya. In durƙusa in gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya, ba ta ambaci Rakiya ba, ba ta ambaci mahaifiyarku ba. In ajiye abin da na kawo, in kwana, in dawo. Ban fasa ko wata ɗaya ba. A zuwa na ashirin da wani abu, bayan ƙaramar salla, na kai mata wata riga da Rakiya ta ɗinka. Ta karɓa ta juya ta ciki, ta bi ɗinkin da yatsa tun daga wuya har ƙasa, tana neman inda hannu ya karkace. Ba ta samu ba. Ta ninke rigar ta ɗora a cinya. Na yi sallama, har na kai bakin zaure, sai na ji muryarta a bayana.

"Isiyaku."

"Na'am, Inna."

"Ka kai ta wurin likitan watan nan?"

Na ce ranar Talata ce.

"To kada ka makara," ta ce.